Kunnen Audi Kafinta

Audi kafinta ba ya wuce itace bai ƙwanƙwasa shi ba. Ƙofar masallaci, bencin mai shayi, jikin motar katako a bakin hanya, duk sai ya lanƙwasa yatsansa na tsakiya ya buga sau biyu, ya karkata kai ya saurara, sannan ya wuce. Mutanen Kawo sun ɗauka taɓin hankali ne mai sauƙi, irin wanda ba a ɗaure mutum saboda shi. Alhali gado ne.

A Rigachikun aka haife shi, ɗan Shehu masassaƙi, mai sassaƙa turmi da akushi da jikin kalangu da molo. Shehu ba ya sa wa itace kaifi sai ya buge shi da ƙeyar gatari ya ji abin da zai ce. In amon ya fito a dakushe, akwai ruɓa a ciki, ko gara ta riga ka. In ya ce ƙau kamar ƙarfe, to an samu itace. Yakan ce ido yana ƙarya, amma itace ba ya yi. Audi ya ɗauki wannan tsaf tun bai kai tsawon gatarin ba. Abin da uban ya kasa koya masa shi ne zama.

Yana da shekara goma sha bakwai ya tafi Zariya koyon kafinta, kuma hannunsa ya yi kyau. Cutarsa ɗaya ce: in aiki ya ɓaci a hannunsa, ba ya iya haɗa ido da mai aikin. A Funtuwa wata ƙofar kanti da ya yi ta kumbura da damina ta ƙi rufuwa, gyaran rabin yini, sai ya bar garin. A Gusau ƙafar wani tebur ce ta gaza da kaurin ƙwayar dawa. Ba wanda ya taɓa korarsa, kuma bai taɓa tafiya da ƙusar kowa ba. Yakan aika wa mutum kayansa ta hannun maƙwabci, ya shigo gida ya ce a haɗa kaya. In aka tambaye shi sai ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi ne, in ji kifi.

Wadda ke haɗa kayan ita ce matarsa Kaltume. Gari bakwai ta gani cikin shekara goma sha biyu. Akwati ɗaya gare su, na wani farin katako marar nauyi, irin wanda ake zubo kayan inji a ciki daga ƙasashen waje, da baƙin rubutun boko a jikinsa. Audi ya samo shi a tashar jirgin Zariya shekarar da suka yi aure. Kaltume ta ƙware har takan cika shi da tasoshinta da zannuwa tsakanin azahar da la'asar, Audi ya buga marfin da ƙusa huɗu. Ta binne ɗa a Gusau, ta binne 'ya a Bukuru, kuma ko ɗaya ba za ta iya nuna kabarinsa ba. Wadda ta rayu ita ce Safiya.

A 1953 suka sauka a Kawo. Lokacin ana ta gina gidajen ma'aikata a Kaduna, ƙofa da taga ba sa isa, Audi ya samu aiki nan da nan. Kaltume ta fara man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, matan akawuna suka san ta, har daga Unguwar Shanu ake aikowa. Aka sa Safiya makaranta. Kaltume ta binne ƙwallon lemon tsami a bayan madafi, tana ba shi ruwan wanke-wanke, ba ta gaya wa kowa ba. Shekara biyu aka yi lafiya. Audi dai ya fara tsayawa a bakin hanya yana karanta inda motoci suka nufa.

Kaltume tana da ƙane a garin, Husaini, ɗan mazan jiya, direba a wani ofishin gwamnati. Daga yaƙin Bama ya dawo da lambar kofur da tari da jita, garayar Turawa, wadda ya saya a hanyar dawowa. Dattawan unguwa ba sa son jitar nan, shi kuwa bai damu ba. Duk Asabar da la'asar yana gindin mangwaro da tsofaffin sojoji, yana kaɗa musu abin da su kaɗai suka san ma'anarsa.

Wata Lahadi da hantsi, a ƙarshen daminar 1955, Husaini ya shigo gidan da jitar naɗe cikin bargon soja, ya shimfiɗe ta a tabarma. Buhun gyaɗa ne ya faɗo mata a bayan mota. Wuyanta lafiya, bayanta lafiya, fuskar ce ta burma ta tsage gida uku.

Ya ce, "Mijin Yaya, ga aiki. In dai kunnen nan naka ba na jin tsegumi ne kaɗai ba."

Audi ya ce, "Soja marmari daga nesa. Bama ba ta kashe ta ba, sai gyaɗa?"

"Saura mako huɗu 'yan mazan jiya su taru, kuma ni ne mai kiɗa. Za ka iya, ko in kai wa kafintocin kasuwa? Su dai ana samunsu inda aka bar su."

Audi ya ji wannan, ya yi kamar bai ji ba. Ya ɗauki guntun fuskar ya jinjina, ba nauyi. Ya danna farce, farcen ya shiga. Sai ya yi dariya.

"Kofur, an cuce ka. Wannan ai ba itace ba ne, totuwar kara ce. Dole ta fashe. Zan sa mata fuskar da ko jaki ya taka ba za ta sani ba."

Ya watsa guntayen gefen murhu. Mutumin da ke ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ran nan bai ƙwanƙwasa abin da ke hannunsa ba. Ido ya gani ya raina, shi ke nan.

Bayan Husaini ya fita, Kaltume ta ce daga bakin murhu, "Malam, in ba za ka iya ba ka gaya masa tun yanzu. Ba abin kunya ba ne."



Audi ya yi abin da ubansa zai yi. Shehu in zai yi molo, itace mai tauri yake nema, wanda ke ƙara kamar ƙarfe. Audi ya taka har Katabu, gidan wani maƙeri da ke tara busasshiyar kirya domin gawayi. Ya bi gumaguman ɗaya bayan ɗaya da ƙeyar guduma har ya samu wanda ya ce ƙau, amon ya shiga masa haƙori. Ya ɗauko a ka. Kirya ta cinye masa haƙoran zarto biyu kafin ya fitar da falle biyu. Ya haɗa su, ya huda ramin tsakiya, ya bar kaurin ya kai ƙaramin yatsa don kada ta sake tsagewa. Ya dafa gam ya manne, ya goge da man gyaɗar Kaltume. Maganar gaskiya, jitar ba ta taɓa yin kyau irin na ran nan ba, ja wur tana sheƙi.

Ranar Juma'ar mako na biyu bayan la'asar Husaini ya zo. Ya ɗauke ta, ya ce, "Kai, ta yi ƙiba. Me kake ba ta?" Ya ɗaure wayoyin, ya daidaita su, ya ja babban yatsa a kansu.

Abin da ya fito kamar maganar mutumin da bakinsa ke cike da gari. Amon ya mutu tun kafin yatsan ya bar wayar. Husaini ya sake ja da ƙarfi. Haka dai. Ya kara kunne a ramin kamar mai neman abin da ya faɗa rijiya.

Audi ya tsaya yana jiran baƙar magana, don ita ya san yadda ake ramawa. Ba ta zo ba. Husaini ya kwantar da jitar a kan bargon, ya ce, "To. Saura kwana goma sha huɗu." Ya yi wa yayarsa sallama ya fita.

Audi ya kasa zama. Ya zagaya tsakar gida, ya dawo, ya ƙwanƙwasa fuskar kiryar. Ƙau. Itacen bai yi ƙarya ba, lafiyayye ne. To ina laifin? Ya tuno hannun ubansa yana rarake jikin molo, yana jiƙa fata, yana ɗame ta a kai, yana ɗora jakin da tsirkiya ke hawa. A nan ya tsaya cak. A molo itace kwano ne kawai, fata ce ke magana. A kalangu ma haka. Jita kuwa ba ta da fata. Jakinta a kan katakon yake zaune. Ashe fuskar nan da ya raina ita ce fatar, shi kuma ya cire fata ya sa gindin turmi.

Ya nufi murhu. Kaltume ta riga ta hura wuta da guntayen, saura ɗaya mai faɗin tafin hannu biyu da take tura garwashi da shi, bakinsa ya ƙone. Ya riƙe shi da yatsa biyu ta gefe, ya bar shi yana lilo, ya buga. Amon ba mai kaifi ba ne. Taushi gare shi, mai zurfi, kuma bai mutu nan take ba, sai da ya ɗan yi tafiya. Shekara arba'in Audi yana sauraron itace, bai taɓa neman irin wannan ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa ana nemansa.

Ya sa guntun a aljihu ya shiga gari. Kwana tara ya yi yana yawo. Ya bi rumfunan masu katako a kasuwa, ya buga maɗaci, ya buga farin katakon da ake kawowa daga kudu. Wannan yana da sauƙin nauyi, amma amonsa gajere. Ya buga rimi, kamar ka bugi jiƙaƙƙen tsumma. Masu katako suka fara cewa, "Ga mai gaisuwar nan ya dawo, a ba shi hanya ya gaida kowa." A gidajen ma'aikata ya bi tagogin da shi da kansa ya kafa, har matar wani akawu ta leƙo ta tambaye shi wa yake nema a gidan mutane da rana tsaka. Mai gadin wani ofis ya kore shi da kulki daga ƙofar ɗakin ajiya. Shugaban aikinsu ya ja masa kunne sau biyu. Abinci a tsaye yake ci. Ya je har Rigachikun, kangon gidan ubansa, ya tone sauran gumaguman da suka rage a bayan danga. Gara ta gama da su.

Ya fara lissafin da ya saba. Jitar za a iya ba maƙwabci ya kai. A Nguru an ce ana neman kafintoci. In aka kama motar Kano da yamma, kafin Husaini ya ji labari an yi nisa.

Rana ta goma, bayan azahar, ya shigo ya tsaya a ƙofar madafi, idonsa a ƙasa.

"Haɗa kaya."

Kaltume ta sauke kaskon suya, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki. Ta jawo akwatin har tsakar gida. Ta buɗe, ta shiga fitar da tasoshinta ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a tabarma, ta fitar da zannuwa, ta fitar da rigar makarantar Safiya. Da ya zama wayam sai ta zuba zartonsa da gudumarsa da rigunansa biyu a ciki.

Ta ce, "Ga akwatinka, kai ka samo shi. Ni da Safiya muna nan."

"Kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani tun Bukuru, Malam, yau ne dai na faɗa. Da can kayan baƙi ne kake aikawa ta hannun maƙwabta. Wannan na ɗan'uwana ne, nono ɗaya. Kuma lemona ya fara fure."

"Wane lemo?"

"Ka gani? Shekara biyu kana alwala a gindinsa."

Kada a yi wa Audi ado: tafiya zai yi. Ba ya ƙin matarsa, kuma Safiya ita ce idonsa, amma fuskar Husaini lokacin da ya ce "to" ta fi masa komai nauyi. Ya tsuguna ya ɗauki marfin, ya riƙe shi da yatsa biyu ta gefe yana lalubar ƙusa a aljihu da ɗaya hannun. Bai samu ƙusa ba. Hannun ya fito, yatsan ya yi abin da ya saba.

Ya sha ƙwanƙwasa akwatin nan, a tasha, a bayan mota, a kan jaki. Amma kullum a cike yake, a buge da ƙusa, abin da ke amsawa sai ƙarar tasoshi. Marfin shi kaɗai, a sake, yana lilo a iska, bai taɓa jinsa ba.

Ya sake bugawa. Ya matso da shi kunne.

Kaltume ta ce, "Motar Kano ba ta jiran mai ƙwanƙwasa."

"Yi shiru tukuna."

Ya zaro guntun murhu daga aljihu. Ya buga wannan, ya buga wancan. Na marfin ya fi kaifi don ya fi kauri, amma dangi ɗaya ne, jelar amon iri ɗaya. Ya tofa yawu ya goge dauɗar shekaru da babban yatsa. Falle biyu ne, zanen itacen a miƙe, a matse kamar zaren saƙa. Shekara goma sha huɗu yana shan rana a bayan motoci, ya bushe ƙamas.

Ya daɗe a tsugune. Sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "In na fasa shi, ba mu da akwati."

Ta ce, "Ni dai ba inda za ni." Ta mayar da kaskonta kan wuta.

Kwana huɗu suka rage. Ya jiƙa gam da ruwan zafi ya ɓamɓare kiryar. Ya raba fallayen marfin, ya yanke gefen da ƙusoshi suka huda, ya kauce wa wani ƙulli da ke kusurwa. Sai gogewa. Ya goge, ya ɗaga da yatsa biyu, ya buga, ya saurara, ya sake gogewa. Duk sanda katakon ya ƙara sirancewa sai amon ya sauka ƙasa, ya ƙara tsawo. A nan tsoro ya kama shi, don ba wanda zai gaya masa inda ake tsayawa, kuma abin da aka goge ba ya dawowa. Marfi ɗaya ne. Da ya kusa, sai ya ajiye ƙarfe ya koma kankara da fasasshiyar kwalba. Rabin wani baƙin harafi ya rage a jiki, ya shiga cikin itacen. Ya buga marfin, ya buga guntun murhu, ya ji sun zo kusa, sai ya bar harafin. Ya sassaƙa 'yan sandunan da ke tallafe fuskar ta ciki, yana kwaikwayon shatin gam da tsofaffin suka bari. Ya manne, ya ɗaure da igiya, ya ɗora dutsen niƙa. Yini biyu yana zagaya ta kamar kaza da ƙwai, Kaltume tana korarsa daga hanya.

Ranar taron Husaini ya zo da hantsi, cikin kakinsa, da lambobin yaƙi a ƙirji. Ya dubi jitar, ya dubi akwatin da ke gefe ba marfi, ya dubi yayarsa.  Ya ɗaure wayoyin ya ja yatsa.

Amon ya cika tsakar gidan, ya haura danga. Akuyar maƙwabta ta daina kuka. Husaini ya kaɗa wani abu gajere, ya tsaya, ya sake kaɗawa.

Ya ce, "Ba muryarta ta da ba ce."

Audi ya ce, "Na sani."

"Ta da tana da zaƙi. Wannan ta hanci take magana, kamar Yaya in tana faɗa."

Ludayi ya taso daga madafi ya wuce ta saman kansa. Husaini ya sunkuya yana dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Amma tana kai wa nesa, mijin Yaya. Na baya ma za su ji. Wannan baƙin zanen fa?"

"Lambar yaƙinta ce. Kai kaɗai ka je wani wuri?"

Husaini ya naɗe ta a bargo ya fita. Abin da bai faɗa ba, Audi ya ji da kunnensa: babbar wayar tana ɗan zuza kamar ƙudan zuma in an ja ta da ƙarfi, wani sanda a ciki bai zauna daidai ba. Aibi ne ƙarami, bai fi na teburin Gusau ba. Ya tsaya a ƙofar gida yana kallon aibinsa yana tafiya a bayan keke, zai shiga taron mutum ɗari. Ƙafarsa ta yi ta motsi a cikin takalmi. Can Kaltume ta kira shi ya zo ya kwashe zartonsa daga akwatin, tana son wurin. Ya shiga ya kwashe.

Bai sake yin wata jita ba, ba su da yawa a garin. Ƙofa da taga ya ci gaba da yi a Kawo har ƙarfinsa ya ƙare. Zuzar nan ta zauna a jitar Husaini shekara da shekaru, duk Asabar Audi yana iya jiyo ta in ya bi ta gindin mangwaron, kuma yakan bi. Ƙaiƙayin ƙafa bai bar shi ba. Yakan je bakin hanya da yamma ya ƙwanƙwasa jikin motoci, ya tambayi direbobi yaya hanyar Nguru, ya dawo kafin magariba. A Kawo ya rasu, kuma Safiya ta san inda kabarinsa yake.

Akwatin da ba marfi kaji ne suka gaje shi. Fuskar kirya kuwa Kaltume ta ɗauka, don ramin tsakiyarta ya yi daidai da gindin ƙwarya. Ta yi shekara ashirin tana dama fura a kanta, ko tsaga ba ta yi ba.